Abin da Auta Ta Faɗa

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya masu jego, ya ƙafar nan taki? Direban motar magani ya ce ya same ki kina ɗingishi tsakanin gadaje, kina yi wa mutane faɗa don sun ce ki zauna ki huta. Na ce masa in dai tana faɗa, to da sauƙi. Baba yana lafiya, ya ce in gaida ƙanwarsa mai taurin kai. Ni ma ƙalau nake, sai kewarki, da haushin asibitin nan naku da aka kai bayan duniya, inda waya ba ta shiga sai an hau tudu.

Albishirinki! Jami'a ta amince da bincikena. Zan duba damuwar da ke cin ɗalibai masu shirin jarrabawar gama sakandare, da yadda take canza musu hali. Kuma kin san makarantar da aka tura ni? Makarantar kwanan su Autarki.

Wani sito suka ba ni a bayan ɗakin karatu. Karyayyun kujeru ne a ciki har rufi, sai benci ɗaya mai lafiya, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Duk yarinyar da take so, da ƙafarta take zuwa. Kafin ta zauna ina gaya mata ba zan rubuta sunanta ba, ba wanda zai san ta zo, kuma maganarta ba za ta koma kunnen malami ko na iyaye ba, sai fa in na ga rayuwarta tana cikin haɗari. Daga nan in yi tambaya ɗaya in kama bakina. Malamar da ke duba aikina ta ce rabin aikin a shirun yake. Ki duba min, Gwaggo, ni da kika raɗa wa Uwar Tambaya tun ina rarrafe, yau ni ake koya wa shiru! Har cizon leɓe nake.

Amma abin da ke fitowa bayan shirun yana da nauyi. Yaran da ake ce wa masu taurin kai ko malalata, da yawansu tsoro ne ya cika musu ciki. Za ki ji yarinya ta ce ranar jarrabawa sai ta shiga banɗaki ta yi amai kafin ta iya riƙe biro, kuma ba ta so a sani a gida, domin mahaifiyarta tana wahala a kanta, ta kuma riga ta gaya wa duniya 'yarta likita za ta zama.

Na haɗu da Auta a bakin famfo tana wanki. Ta yi tsawo sosai. Tana gaishe ki.

'Yarki,
Uwar Tambaya

*

Zuwa ga 'yar Yayana, Uwar Tambaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo, ta same ni lafiya. Ƙafa da sauƙi, direban nan surutu ne da shi kamar rediyo. Masu jego suna amsawa. Ki ce wa Yaya taurin kai a wurinsa na gada.

Ranar da takardarki ta zo ban bar kowa ya huta ba. Na karanta wa abokan aikina, na karanta wa mai shara, har mai gadi na kira ya ji. Na ce yarinyar da na goya a bayan nan, wadda ta taɓa tambayata me ya sa jarirai ba sa zuwa da riga, ita ce yau jami'a ta tura ta binciki halin ɗan Adam. Wata mai ciki tana kan gado tana nishi, ita ma sai da ta ce Allah ya sanya albarka. Kaina ya yi girman da ƙofar ɗakin haihuwa ta kusa yi masa kaɗan. A zamaninmu in yaro ya yi shiru cewa ake yana da kunya, in ya yi surutu a ce ba shi da ita, shi ke nan an gama bincike. Ku ci gaba, Allah ya taimaka.

To, yanzu mu zo kan magana. Wurin da kika yi zancen mai amai, shi ban karanta wa kowa ba. Ni kaɗai na karanta shi, na sake karantawa, har takardar ta yi laushi.

Uwa mai wahala a kan 'yarta, wadda ta gaya wa duniya 'yarta likita ce. Ke kin san duk asibitin nan ba mai kiran Auta da wani suna sai Likita, kuma ni na fara. Hutun da ya wuce ta zo min wani iri. Abinci sai ta tsakura, farcenta duk ta cinye, in na shigo ɗaki ta buɗe littafi, in na fita in leƙo ta taga in ga shafin bai motsa ba. Na tambaye ta, ta ce ba komai. Sannan kin ce ta yi tsawo. Ba ki ce ta yi kyau ba, ba ki ce ta yi ƙiba ba. Na san ki, ba kya zaɓen kalma a banza.

Na gane dabararki, 'yata. Kin yi alkawari ba za ki kama suna ba, shi ya sa kika bi ta bayan gida kika sanar da ni. Allah ya yi miki albarka. Yanzu ki ƙarasa ladanki, ki rubuto min duk abin da ta ce, daga farko har ƙarshe. Tsakanina da ke ba wani sirri.

Gwaggonki

*

Uwar Tambaya,

Ina fata kina lafiya. Ni dai ga ni nan.

Direba ya zo hannu rabbana, ya koma, ya sake zuwa hannu rabbana. Har aljihun motar na sa ya buɗe. Ke da ba ki iya barin tambaya ta kwana ba, yau ke ce kika bar tawa ta yi tsami. Shirun nan naki ya ba ni amsa. Da ba ita ba ce, da tuni kin aiko kina yi min dariya.

Tunda boko ya koya miki ɓoye wa uwa ciwon 'yarta, zan nemi hanyata. Ranar ziyara mai zuwa ina nan tafe. Takardarki tana cikin jakata. Zan ajiye ta a teburin shugabar makaranta, in ce ga abin da mai bincikenku ta gano, yarinyata tana amai a banɗakinku ba wanda ya sani. Su yi min bayani, ko in tattara kayanta in dawo da ita kusa da ni.

Ni na yi miki wankan farko a duniya. Ban taɓa zaton akwai ranar da zan roƙe ki abu ki juya min baya ba.

Gwaggonki

*

Gwaggona, uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Zazzaɓi ne ya kwantar da ni a gida, takardunki kuma suna ɗakin mai gadin jami'a a ƙarƙashin tulin jaridu. Rana ɗaya na karɓe su duka biyun. Na karanta ta farko ina dariya, na karanta ta biyu na zauna a bakin kwalbati. Yanzu na warke sarai.

Gwaggo, ban bi ta bayan gida na aiko miki da saƙo ba. Maganar amai da likitanci ba daga baki ɗaya na ji ta ba. Na ji ta daga bakuna da yawa, har na daina mamaki. Abin da bincikena ya fi nunawa ke nan: kowace tana zaton ita kaɗai ce, ga shi kuwa wadda take kwana a gadon samanta ma haka take. Ɗoki ne ya sa na ba ki labarin, bai kamata ya fita daga siton ba ko ba suna. Tsawon Auta kuwa, tsawo ne kawai, ta kere ni.

Amma abin da kika tambaya ba zan iya ba. Ba zan ce miki Auta ta shigo siton nan ba, ba zan ce ba ta shigo ba. In na ce miki ba ita ba ce, gobe wata uwa ta tare ni ita ma in ce mata ba 'yarta ba ce, to duk ranar da na yi shiru an gane. Abu ɗaya zan iya faɗa, shi ma don na gaya wa yaran tun farko: da na ga rayuwar wata a cikin haɗari, da ba takarda zan aiko ba, da ƙafata zan zo.

Kin ce boko ne ya koya min. Ba boko ba ne. Kin tuna lokacin da nake hannunki, wata tsohuwa ta zo gida da yamma tana so ta ji abin da matar ɗanta ta faɗa a kan gadon naƙuda? Kika ba ta ruwa, kika shimfiɗa mata tabarma, kika yi ta yi mata hirar ciwon gwiwa har ta gaji ta tafi. Ni kuma na bi ki madafa ina ja miki zane, ina cewa to me matar ta ce? Kika ɗaga min ludayi kika ce, abin da aka faɗa a ɗakin nan na ɗakin ne. Ban kai tsawon tebur ba a lokacin, amma ban manta ba.

In kika ajiye takardata a teburin shugaba, kafin a tashi daga cin abinci labari ya zaga ɗakunan kwana cewa mai bincike tana kai rahoto gida. Za a rufe siton, jami'a ta janye ni. Wannan zan iya jurewa, ko da kuka. Abin da ba zan jure ba shi ne yaran da suka zauna a bencin nan suka faɗi abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba, su gane sun yi kuskure. Ba za su sake buɗe baki ba, kuma in Auta tana cikinsu, ita ma haka.

Ba ni da ikon hana ki zuwa. Amma in kin zo, ga abin da nake roƙo. Ki samu wurin da ba mutane. Ki yi mata tambaya ɗaya. In ta ce ba komai, kada ki ƙara wata, kada ki yi nasiha, kada ki ba ta labarin zamaninku. Ki zauna kawai. Zai yi miki wuya, na sani, gidanmu ba a san mu da shiru ba.

Ki yafe min. Ban juya miki baya ba.

'Yarki

*

Gwaggona,

Ina gaisuwa. Ya ƙafa? Baba yana tambayarki.

Ranar ziyara ba na makarantar, ranar ce aka sa min in gabatar da abin da na samu a gaban malaman sashenmu. Da na dawo, mai gadin makaranta ya ce wata mata mai ɗingishi ta zo da babbar jaka, ta tambayi ofishin shugaba, da la'asar kuma ta fita idonta jawur. Ba ki neme ni ba, ba ki bar saƙo ba.

Tun ranar, duk sanda aka ƙwanƙwasa ƙofar sito sai in ce ga masinjan shugaba. Har yau dai yara ne suke shigowa. Auta kuwa in mun haɗu ta gaishe ni ta wuce, ni kuma ba ni da bakin tambaya.

Gabatarwar ta yi kyau. Wani farfesa da ba ya yabon kowa ya cire tabarau ya ce a kai wa makarantu wannan aikin su gani. Shugabar ma ta ce in na gama za ta bar siton a buɗe, ta sa malama ɗaya ta koyi zama a bencin. Na so in yi murna, amma wadda nake so ta fara ji tana fushi da ni.

Ko zagi ne ki aiko, Gwaggo. Zan karɓa da hannu biyu.

'Yarki

*

Zuwa ga Uwar Tambaya, 'yar albarka,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ƙafa ta saki. Haihuwa ce ta yi mana yawa, kamar matan sun haɗa baki. Ki gaida Yaya. Zagin da kika nema ban samu lokacin haɗa shi ba, sai ki yi haƙuri da wannan.

Takardarki ta ƙin amsa ta same ni ana gobe zan taso. Na karanta na ce lallai yarinyar nan ta riƙa, da ludayina za ta doke ni. Ban huce ba. Na hau mota da fushina da takardarki ta farko a jaka.

Na sami layin iyaye a ƙofar ofishin shugaba, na zauna. Matar da ke damana, mai sayar da yadi ce, ta buɗe baki ta ce ita Likitarta ta zo gani. Na juya na dube ta. Ta hagu ta ce ai tata ma likita ce in Allah ya yarda, tun tana goye ta san haka. Wani bawan Allah a tsaye da kwalin biskit ya ce shi tasa Injiniya ce, ƙanwarta kuma Lauya. Mai yadin nan ta ci gaba, wai tsayuwar da take yi a shago har ƙafarta ta kumbura duk don yarinyar ce, kuma kullum tana tuna mata. Saura kaɗan in dafa ta in ce, baiwar Allah, ashe 'yarki ce mai aman! Sai na ji kunya ta rufe ni, domin muryata nake ji a bakinta. Na duba layin nan daga farko har ƙarshe, na ga in an karanta takardarki da ƙarfi, kowa a cikinmu zai rantse da 'yarsa ake.

Masinja ya leƙo ya ce saura ni. Na ce masa na fasa.

Na sa aka kira min Auta. Na ja ta bayan ɗakin karatu, na ga sitonki da kwaɗo a ƙofa, na leƙa ta taga na ga fankar taki. A waje akwai wani dakalin siminti a inuwa, nan muka zauna. Kanta duk ya tsufa, na zaunar da ita a gabana na fara tsefe mata. Na kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata, wanda rabon da ya fito daga bakina har na manta. Na ji wuyanta ya ƙage. Na ce, ya kike? Ta ce ba komai.

'Yata, Allah ya isa tsakanina da malamar da ta ƙirƙiro wannan shirun! Nasiha ta taso min har maƙogwaro. Labarin yadda na yi karatu da fitilar kwai ya zo bakin leɓena, na haɗiye shi. Tambayoyi suka yi layi kamar masu awo ranar Litinin. Na cije. Sai na tuna aikina ne ma ai. Mace tana kan gwiwa ba ka ce mata yi sauri, zama kake kusa da ita ka jira. Na ci gaba da tsifa. Aka buga ƙararrawa, masu ziyara suka fara naɗe tabarmi, ni dai ban ce uffan ba.

Na kai tsakiyar kai sai na ji ɗumi a gwiwata. Hawaye ne. Daga nan ta fara magana, ba ta juyo ba, ni ma ban juyo da ita ba. Ta daɗe tana yi. Wani abin na sani, wani ban taɓa zato ba, wani kuma a kaina yake, ya yi zafi, kuma gaskiya ne. Ban kare kaina ba. Da ta gama na yi mata kitso guda huɗu manya irin na masu jego, muka yi dariyar muninsa, ta cinye abincin da na kawo tas har tana kankare kwano.

Ban neme ki ba don idona ya kumbura, kuma ban shirya ki gan ni a haka ba, kin san hali. Ban tambaye ta ko ta taɓa shiga sitonki ba, ba kuma zan tambaya ba. Takardarki ta farko tana ƙasan akwatina, ba mai ganinta. Da na dawo na tara mutanen asibiti na ce daga yau wanda ya sake ce wa 'yata Likita, shi zai wanke ɗakin haihuwa. Yarinya tana da suna.

Labarin farfesa mai tabarau kuwa ya zaga garin nan, na ƙara masa gishiri kaɗan, a nawa labarin har tsaye ya miƙe. Amma bari in gaya miki gaskiya. Na yi alfahari da ke ranar da jami'a ta amince da aikinki. Wanda na yi a kan dakalin nan ya fi shi nesa ba kusa ba. Ni na goya ki, na matsa miki da duk ƙarfina, har da gorin wankan farko, kika ce min a'a cikin ladabi saboda 'ya'yan mutane. Yaran nan sun sami wurin ajiye magana. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya.

Na san ki. Yanzu haka kin kai ƙarshen takardar nan kina juya bayanta, bakinki yana ƙaiƙayi, kina cewa to Gwaggo, me Autar ta ce? Sai ki yi ta cizon leɓe, Uwar Tambaya. Abin da aka faɗa a dakalin nan na dakalin ne. Na yi mata alkawari.

Gwaggonki